Noman da Ba na Gona Ba: Sakkwato a Tarihin Dashen Ƙashin Baki

Bahaushen da ya fara jin cewa akwai Asibitin Noma a Sakkwato ba shi da laifi in ya zaci wurin duba manoma ne, ko wani reshe na ma'aikatar gona. Kalmar ta shigo harshenmu ne ta tarar da takwararta zaune. Noman asibitin daga Girkanci ya fito, daga wata kalma mai nufin kiwo, irin yadda dabba ke bin ciyawa tana ci har ta bar wurin fili. Likitocin dā suka ari wannan siffa suka laƙaba wa wani gyambo da ke farawa a dasashin yaro, ya bi kunci da leɓe, ya kai ga ƙashi, sau da yawa kafin a cika mako biyu. A ƙauyukan Sakkwato da Kabi da Zamfara ba da wannan suna aka san shi ba. Wasu kan ce ciwon iska, wasu su ce ciwon daji, kowane suna kuwa da inda yake tura iyaye: na farko gidan mai magani, na biyu ga fid da rai.

Wannan cuta ita ce mafi munin abin da ciwon dasashi kan iya zama. Don haka duk wanda likitan haƙori ya taɓa shaida wa cewa ƙashin da ke riƙe da haƙoransa ya zaizaye, sai an yi masa dashe, yana da dangantaka da yaran nan ko bai sani ba. Ilimin da za a yi masa aiki da shi da wanda ake gyara fuskokinsu da shi tushensu ɗaya, wani babi na tarihinsa kuma a Sakkwato aka rubuta shi.

Ƙashin da haƙori ke tsaye a kansa

Haƙori ba a kafe yake cikin muƙamuƙi kamar ƙusa a katako ba. Kowanne yana zaune cikin gurbinsa na ƙashi, wasu siraran zaruruwa sun ɗaure saiwarsa da bangon gurbin, dasashi ya lulluɓe su. Idan datti ya taru a gindin haƙori ya taurare, ƙwayoyin cuta suka yi gida, sai jiki ya tashi yaƙarsu. Yaƙin nan in ya daɗe, ƙashin ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Yana narkewa sannu a hankali, shekara da shekaru, ba tare da wani zafin kirki ba. Alamarsa jini a bakin asuwaki da warin baki, daga baya haƙori ya fara girgiɗi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane, wato fiye da mutum biliyan 1, suna fama da nau'in wannan ciwo mai tsanani. Mu dai mun daɗe da jefa shi cikin lissafin tsufa. Giɓi a bakin dattijo ba ya ɗaga wa kowa hankali.

Ƙashin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa da kansa, ko da an wanke gindin haƙoran tas. Daga nan tunanin dashe ya taso. Kalmar tamu ta dace da aikin fiye da yadda ake zato, domin wanda ya taɓa ganin dashen albasa a fadamun Rima ya san sharuɗɗan: a ciro daga wuri mai kyau, a kai wurin da aka gyara, a sami ruwa, a tsare shi daga dabbobi. A jikin mutum, jini shi ne ruwan.

Labari mafi tsufa da littattafan tiyata ke maimaitawa ya fito ne daga Job van Meekeren, likitan fiɗa na birnin Amsterdam, cikin littafinsa da aka buga a 1668 bayan rasuwarsa. Shi ma ji ya yi, bai gani ba. An ce wani soja a ƙasar Rasha ya sha sara da takobi a ka, aka cike ramin da guntun ƙoƙon kan kare. Da malaman coci suka ji, suka kore shi daga cikin jama'arsu. Ya koma a cire masa, aka tarar ƙashin ya riga ya haɗe da nasa. Ko gaskiya ne ko ƙari, labarin ya ƙunshi tambayoyi biyu da har gobe ake yi: shin jiki zai karɓi baƙon ƙashi, kuma shin mai jikin ya yarda da inda aka samo shi?

Amsa ta farko mai hujja ta zo a 1881, lokacin da William Macewen na birnin Glasgow ya ba da rahoton wani yaro da ruɓa ta cinye masa ƙashin damtse. Macewen ya tattara guntayen ƙashin da yake yankowa daga ƙafafun wasu yaran masu gwame da yake miƙar wa, ya jera su a damtsen, hannun kuma ya yi ƙashi. Sai a 1923 aka kai wannan dabara gindin haƙori: wani likita mai suna Hegedus ya ɗebo ƙashi daga ƙwaurin marasa lafiyarsa ya cike musu inda ciwon dasashi ya ci. A ƙarshen shekarun 1960 Robert Schallhorn a Amurka ya gwada ɓargon ƙashin ƙugu. Ramin yakan cika sosai, amma wani lokaci ɗanyen ɓargon ya juya ya ci saiwar haƙorin da aka zo ceto, ga kuma ciwon ƙugu da mutum zai yi jinya saboda haƙori ɗaya. Ba a daɗe ba aka rage yin haka.

Abubuwa biyu ne suka mayar da aikin yadda yake a yau. Na farko, a 1965 Marshall Urist a Los Angeles ya nuna cewa in aka jiƙa ƙashi cikin sinadari har alli ya fita, aka binne ragowar cikin tsokar zomo, sabon ƙashi kan tsiro a wurin. Ashe ƙashi yana ɗauke da wani saƙo da ke kiran jiki ya zo ya yi gini. Na biyu ya fi sauƙin fahimta, kuma a ganina ya fi burgewa. An lura cewa bayan tiyata fatar dasashi ta fi ƙashi saurin girma, sai ta riga shi gangarawa cikin ramin ta mamaye. A 1982 Sture Nyman da abokan aikinsa a ƙasar Suwidin suka sa wani siririn mataci tsakanin dasashi da saiwar haƙorin wani majiyyaci, kamar dai yadda ake kewaye dashe da shinge don kada awaki su shiga. Bayan watanni aka duba, aka ga sababbin zaruruwa sun kama saiwar. Yawancin abin da ake yi yanzu haɗin waɗannan biyu ne: a ɗaga dasashi, a kankare saiwa, a cika ramin da garin ƙashi, a rufe da mayafi, a ɗinke, a jira wata shida zuwa tara.

Mai karatu da aka yi wa tayin wannan aiki zai amfana da sanin iyakarsa. Dashe yana kamawa ne a rami mai zurfi, matsattse, wanda bangayensa na ƙashi ke tsaye. Inda ƙashin ya zaizaye a shimfiɗe, bai bar bango ba, babu abin da zai riƙe garin. Mai shan sigari da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, nasu ya fi saurin lalacewa. Tambayar sojan Rasha ma ba ta mutu ba. Garin ƙashin da aka fi amfani da shi, irin su Bio-Oss, daga shanu ake sarrafa shi, wani daga gawar ɗan Adam da aka bayar, wani kuma na haɗi ne zalla. Amma mayafin da yawa daga cikinsu, da wani sinadari mai suna Emdogain, daga alade ake samo su. Haƙƙin majiyyaci ne a gaya masa kafin a yanka, akwai kuma madadinsu.

Cutar da Turai ta manta

Duk wannan zancen milimita ne, uku ko huɗu a gindin haƙori ɗaya. Noma kuwa rabin fuska take ɗauka.

Ba cutar Afirka ba ce tun asali. Carolus Battus ya bayyana ta a Holan a 1595, wani likitan ƙasar kuma, Cornelis van de Voorde, shi ya tsayar mata da sunan noma a 1680. Mutanen Holan suna kiran ta da wani suna mai ma'anar sankarar ruwa, kusan abin da mutanenmu ke nufi da ciwon daji. Ta addabi gidajen marayu da unguwannin talakawan Turai, musamman bayan annobar ƙyanda. Sa'an nan, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, ta ɓace. Abin lura shi ne ta ɓace tun kafin a fara amfani da fenisilin. Abinci da ruwa mai tsabta ne suka kore ta. Da yunwa ta dawo ita ma ta dawo: an gan ta a sansanonin Auschwitz da Bergen-Belsen lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A Nijeriya, Michael Tempest ya wallafa bayanin yara 250 da ya gani a Ibadan a 1966, aikin da har yanzu ake komawa gare shi. Bayansa Cyril Enwonwu, ɗan Nijeriya da ya ƙare a Jami'ar Maryland, ya shafe shekaru da dama yana bin sawun cutar tun daga farkon shekarun 1970, bincikensa kuma ya kai shi arewa maso yamma. Shi ya dage kan cewa noma ba daga sama take faɗowa ba. Tana biyo bayan wani ciwon dasashi mai ruɓa, a bakin yaron da tamowa ta riga ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Shekarun da ta fi kamawa, biyu zuwa shida, su ne shekarun bayan yaye, lokacin da yaro ya bar nono ya koma kan kunu da koko. Enwonwu da abokan aikinsa sun kuma zargi wata ƙwayar cuta da aka sani a jikin dabbobi, suna ganin kwanan yara kusa da awaki da tumaki na da hannu. Wani dogon bincike da masana daga Geneva suka yi a Damagaram tsakanin 2001 da 2006, aka wallafa a 2013, bai tabbatar da wannan zargi ba. Bai sami ƙwaya guda da za a ɗora wa laifi ba. Abin da ya samu shi ne tsumburewa, rashin lafiya na kwanan nan, yawan haihuwar uwa, da rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a bakin kowa.

Idan ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 na yaran da ta kama mutuwa suke yi. Wanda ya tsira, mataccen naman ya faɗi, ƙashin da ya mutu ya biyo shi tare da haƙoran, sai tabo ya ja wurin ya ƙanƙance. A nan babbar masifar take. Tabon yakan ɗaure muƙamuƙin ƙasa da na sama, wani lokaci har sabon ƙashi ya tsiro ya haɗe su, baki ya kulle. Akwai waɗanda suka yi shekara ashirin suna tura abinci ta ramin kunci.

Hanyar Sakkwato

Daga 1996 tawagogin likitocin tiyata daga Jamus da Holan suka fara zuwa Sakkwato, da tallafin wata gidauniyar taimakon yara ta Jamus. A 1999 aka buɗe Asibitin Yara na Noma, wanda ya daɗe yana cikin 'yan ƙalilan a duniya da aka keɓe wa wannan cuta. Kafin nan, abin da aka saba shi ne a ɗauki yaro ɗaya ko biyu a kai Turai, a yi masa aiki na watanni, a dawo da shi. Ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan, mai cibiya a Damagaram, ta yi ta kai masu raunin da ya fi tsanani Geneva. A Sakkwato aka gwada akasin haka: likita ya zo inda marasa lafiya suke.

Abin da suka tarar ya tilasta musu sake tunani. A 1998 Klaas Marck, likitan gyaran jiki daga Holan, da abokan aikinsa suka wallafa maƙalar da suka sa wa sunan birnin, suna bayanin hanyar da suka bi a Sakkwato. A ciki suka kawo wani ma'auni na auna ɓarna gaɓa-gaɓa: nawa ya tafi na hanci, na wajen kunci, na cikinsa, na leɓen sama da na ƙasa, baki kuma nawa yake buɗewa. Kafin wannan kowane likita da yadda yake siffanta abin da ya gani, ba a iya kwatanta aikin wani da na wani. Har yanzu ana amfani da ma'aunin.

Mai zaton dashen ƙashi ne farkon aiki zai yi mamaki. Kusan shi ne na ƙarshe. Ba a taɓa yaro da wuƙa sai ciwon ya mutu, tabon ya zauna, yawanci bayan shekara guda, sai kuma an ciyar da shi ya yi ƙwari. Sa shi barci kansa aiki ne, tun da bakin da za a zura bututun numfashi ba ya buɗuwa, sai a bi ta hanci da na'ura mai ido. Sa'an nan a yanke tabon, a sare ƙashin da ya haɗe muƙamuƙan. Da an saki tabo sai ramin ya bayyana da ainihin girmansa, wanda kullum ya fi yadda ake gani daga waje. Dole a rufe shi ciki da waje da nama mai rai, domin ƙashin da aka dasa cikin tabo, inda jini ba ya gudana, miyau kuma yana kwarara a kansa, ruɓewa zai yi. Kamar dashe ne a kan fako.

Naman da ake rufewa da shi ana juyo shi ne daga maƙwabta, da jijiyarsa a jiki: daga goshi, dabarar da likitocin Indiya suka daɗe da saninta, daga ƙirji, yadda Bakamjian ya tsara a 1965, daga ƙarƙashin haɓa, ko daga lafiyayyen leɓe zuwa wanda ya tafi. Da yawa cikin ka'idojin aikin an gaje su ne daga Harold Gillies, wanda ya gyara fuskokin sojojin da harsashi ya ragargaza a asibitin Sidcup na Ingila daga 1917. Idan an zo kan ƙashi, akan ɗebo daga haƙarƙari, ko ƙugu, ko saman ƙoƙon kai. Akwai kuma babbar hanya: a ciro siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri tare da jijiyoyinsa, a lanƙwasa shi ya yi siffar muƙamuƙi, a ɗinke jijiyoyin da na wuya ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ian Taylor na Ostireliya ya fara dasa wannan ƙashi da jijiyarsa a 1975, David Hidalgo ya kai shi muƙamuƙi a 1989. Aiki ne na yini guda, yana bukatar ɗakin kulawa ta musamman da ido a kansa dare da rana. Likitocin noma sun daɗe suna muhawara a kan ko ya dace a yi shi a inda tawaga za ta tafi bayan mako biyu. Ni dai ina tare da masu cewa aikin da za a iya kula da shi bayan baƙi sun tafi ya fi wanda hotonsa zai yi kyau a taron likitoci.

Akwai hujja. A 2010 aka wallafa sakamakon bin sawun wasu da aka buɗe wa baki a Sakkwato, shekaru bayan aikin. Ƙasa da rabinsu ne bakin ya zauna a buɗe fiye da dā. Sauran tabo ya sake ja. Wuƙar ta yi aikinta, abin da ya yi ƙaranci shi ne motsa muƙamuƙi kullum na tsawon watanni, wanda akan yi da 'yan katakan danne harshe, ana jera su tsakanin haƙora ana ƙara ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya koma ƙauye mai nisan tafiyar yini, wa zai tsaya masa a kan wannan? Tun da ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa, MSF, ta fara tallafa wa asibitin tare da ma'aikatar lafiya a 2014, an ƙara ba gashin ƙashi da ciyarwa da lafiyar ƙwaƙwalwa da bin marasa lafiya har gida muhimmanci, magani kuma kyauta ne.

Lissafin waɗanda ba su iso ba

Ta yaya za a ƙirga cutar da ke kashe yaro cikin mako biyu a ƙauyen da babu rajistar mutuwa? A 2003 wasu masu bincike suka yi wata dabara da bayanan Sakkwato. An san kimanin yawan jariran da ake haifa da tsagaggen leɓe a cikin al'umma. Sai suka kwatanta yawan masu tsagaggen leɓe da suka zo neman gyara da yawan masu tabon noma, suka sa lissafin waɗanda suka mutu ba su zo ba. Ƙiyasinsu ya ba da yara 6.4 cikin kowane 1,000 a arewa maso yammacin Nijeriya. Alƙaluman duniya da ake ta ambata, sababbin kamu 140,000 a shekara, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ne na 1998, an kuma shafe fiye da shekara ashirin ana juya su.

Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa noma cikin jerin cututtukan wurare masu zafi da aka yi watsi da su, aka kuwa amince a ranar 15 ga Disamba, 2023. Cikin waɗanda suka yi wannan fafutuka har da Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa aiki a Sakkwato ta zauna tana aiki a asibitin, da Fidel Strub, haifaffen Burkina Faso, waɗanda suka kafa ƙungiyar waɗanda suka tsira mai suna Elysium. Ƙasar kuma ta keɓe 20 ga Nuwamba a matsayin ranar noma.

Shiga jeri yana jawo kuɗin bincike, amma inda ake yanke wa yaro hukunci ya fi kusa da gida. Hukumar Lafiya ta kasa cutar matakai, na farko-farkonsu kuwa ba su wuce dasashi ba: jini, gyambo a gindin haƙora, wari mai tsanani, yawan dalalar miyau, sannan kumburin kunci. A wannan gaɓa, amoksilin da filajil, kurkure baki da ruwan gishiri da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Wannan aikin ƙananan asibitoci ne irin na Ƙofar Rini, inda mata ke jeruwa da yara ranar rigakafi da awon nauyi, daga cikin gari da ƙauyukan da tun zamanin ganuwa ta wannan ƙofa suke shigowa birni. Ɗaga leɓen yaro mai tamowa a duba dasashinsa bai kai minti ɗaya ba. Allurar ƙyanda da ake yi a layin nan ma, ko ba a faɗa ba, rigakafin noma ce.

Sai dai yaro da yawa ba asibiti ake fara kai shi ba. Wani bincike da aka yi da masu maganin gargajiya a jihar Sakkwato, aka wallafa a 2020, ya gano cewa suna ganin ciwon tun yana ɗanye, suna ba da saiwa da turare da abin shafawa, ba tare da sun san shi ne zai zama ramin da suke gani a fuskar wasu daga baya ba. Da aka tambaye su, da dama sun nuna a shirye suke su halarci horo, su kuma riƙa tura irin waɗannan yara asibiti.